Na taɓa sidin Kawu, yanzu muryar mai karatu ta yi nauyi

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina koyon gyaran rediyo da talabijin a wani shago a Birnin Kebbi. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifina, yana da na'urar sidi ƙirar Philips da ya sayo a Ingila a 1989 lokacin da ya je kwas. Da ita yake sauraren karatun Alƙur'ani bayan asuba, da yamma kuma waƙoƙin fada na kotso. Da zai tafi Umara sai ya ba ni ita ya ce in share mata ƙura kawai. Ni kuwa na daɗe ina karanta cewa in aka sake wa sidi agogonta na ciki sauti yana washewa. Na cire kiristal ɗinta, wato ɗan abin da ke ba agogon bugunsa, garin cirewa ƙafarsa ɗaya ta karye. Na haɗa nawa agogon a kan ɗan fanel da aisi (IC) 74HC04 da kiristal mai lamba 11.0592, wanda mai sayar da kaya ya ce min duk sha ɗaya ne. Na ja wuta daga layin bolt 5 na na'urar, na kai sigina da waya mai tsawon taƙi biyu. Yanzu muryar mai karatu ta yi nauyi. Wani lokaci in na kunna, faifan ya yi ta gudu ba tsayawa, ko ta nuna babu faifai. Na murɗa tirima, ƙaramar kafasitar da ake saita bugun kiristal da ita, har ƙarshe, ba canji. Maigidana ya ce aikin banza na yi. Kawu zai dawo nan da mako uku. Ina tunanin in ɗauki adashena in yi odar agogo mai tsada daga Chana, wanda aka rubuta 0.1 ppm a jikinsa, wato kuskurensa bai wuce 0.1 cikin miliyan ba, in sa kafin ya dawo, ba sai ya sani ba. Me ka gani?

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Na'urar da har yanzu take fitar da murya, ko da mai nauyi ce, lezarta na raye, manyan aisinta ma na raye. Abin da ya same ta yana gyaruwa, kuma da kuɗi kaɗan. Jimlarka ta ƙarshe ce ta fi tayar min da hankali, amma zan fara da na'urar domin na san ba za ka ji sauran maganar da kyau ba sai ka san makomarta.

Ɗauko kiristal ɗin da ya karye ka karanta abin da ke jikinsa. Na'urorin Philips na wancan zamani 11.2896 suke amfani da shi, kuma ba a zaɓi wannan lamba da ka ba. Faifan sidi lambobi ne a jikinsa. Tun da Philips da Sony suka daidaita a kan tsarin a 1980, aka tsayar cewa kowane sakan ɗaya na sauti za a yanka shi gida 44,100 a kowane ɓangare, hagu da dama, kowane yanki kuma a ba shi lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. Shi faifan bai san lokaci ba. Kiristal ne ke gaya wa na'ura yaushe za ta saki lamba ta gaba. In ka ninka 44,100 sau 256, za ka sami 11,289,600 cif, wato megahaz 11.2896. Waɗansu na'urorin, musamman na Japan, sau 384 suke ninkawa su sami 16.9344, waɗansu sau 768 su sami 33.8688. Duk 'ya'yan 44,100 ne.

Naka kuwa, 11.0592, daga wani gida daban ya fito. An yi shi ne domin ƙananan aisin sarrafa na'urori irin dangin 8051, shi ya sa ya cika shagunan masu sayar wa ɗalibai kayan aikin kammala karatu. Raba 11,059,200 gida 256, za ka sami 43,200. Ke nan na'urar Kawu tana sakin lambobi 43,200 a sakan maimakon 44,100, ta yi ƙasa da kusan kashi 2 cikin ɗari. Sautin da ya kamata ya fito a 440 yana fitowa a 431. Faifan awa ɗaya zai ƙara sakan 75 kafin ya ƙare. Wannan shi ne nauyin da ka ji a muryar mai karatu, kuma ina yaba kunnenka, domin ba kowa ke kama wannan bambanci ba. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana jin murya ɗaya kullum bayan asuba, shi kam zai kama shi tun a aya ta farko.

Tirima ba za ta taɓa cike wannan giɓi ba. Abin da take iya jan kiristal bai wuce 'yan gomomi ba, in ya yi yawa ɗari ɗaya ko ɗari biyu, cikin miliyan. Giɓinka ya haura 20,000 cikin miliyan. Ko ka murɗa har ta tsinke, yana nan inda yake.

Gudun faifai da rashin ganinsa kuma daga ginin agogon ne. A cikin na'urar akwai ɗan rumbun ajiya inda lambobin da leza ta karanto suke taruwa, ana kwasarsu daga can bisa bugun kiristal. Moto yana ƙara gudu ko ragewa ne domin kada rumbun ya cika ko ya ƙare, shi ya sa faifai ke juyawa wajen sau 500 a minti a farkonsa, ya sauko wajen 200 a bakinsa. In agogo bai tashi ba a lokacin da aka kunna, babu mai riƙe wa moto linzami. Aisin 74HC04 tana da ƙofofi, wato ƙananan da'irori masu juya sigina, kowace ƙofa hawa uku ce a ciki, ƙarfin ƙarinta ya yi wa kiristal yawa, sai ta tashi yau, gobe ta ƙi, jibi ta kama wani bugu da ba na kiristal ba. Wadda aka yi domin wannan aiki ita ce 74HCU04, mai harafin U a tsakiya, mai hawa ɗaya. Ga kuma waya taƙi biyu tana ɗauke da sigina mai bugu miliyan 11 a sakan, ta zama eriya, tana watsawa tana kuma kwasowa. Kada ka ƙara kunna ta a wannan hali. Faifan da ya kwasa da gudu yana iya gogar tire ya karce, kuma fayafayan Kawu ba lalle a sake samun irinsu ba.

Aikin da ke gabanka a makon nan shi ne ka mayar da ita yadda ka same ta. Cire fanel ɗinka gaba ɗaya. Nemo kiristal 11.2896 na gaskiya, ka karanta lambar da idonka har ƙarshe, kada wani ya karanta maka. Wurin da ya fi sauƙi shi ne gawar wata sidi: tambayi tsofaffin masu gyara a garin, da 'yan gwangwan, da masu kawo kayan kwatano. In ba a dace ba, a aika Sabon Garin Kano ko Alaba a Legas, abu ne ƙarami da direba zai sako a aljihu. In ka cire ƙananan kafasita biyu da ke gefen kiristal, ko rizistar da ke tsakanin ƙafafunsa, mayar da su mazauninsu. Yi aiki da ayan mai wat 25 zuwa 40, kada ka daɗe a kan ƙafa, domin layin tagulla na tsohon fanel yana ɗagowa da zafi kaɗan. Ka roƙi maigidanka ya tsaya a kanka lokacin da kake yi. Ya fi ka sanin hannun tsohon fanel, kuma roƙon zai gyara abin da ya ɗan yi tsami tsakaninku.

Yanzu maganar Kawu.

Ya ce ka share ƙura. Abin da ya ba ka izini ke nan, kai kuma ka wuce iyaka. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a fili cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta lalace ba da sakacinsa ba, amma in ya ƙetare abin da aka yarje masa, to lamuni ya hau kansa. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i kuma umarni ce a mayar da amana ga masu ita. Biyan kayan gyaran a kanka yake, wannan ba gardama. Amma ko ka mayar da ita tas har ba mai iya ganewa, ina so ka faɗa masa. Mutumin nan ya riƙe ka da maraici, ya miƙa maka abin da ya fi so cikin kayansa ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Ribar da za ka ci in ka ɓoye ita ce ka tsira daga faɗan yini ɗaya. Asarar kuwa, duk ranar da ya kunna ta kana ɗakin gabanka zai faɗi, kuma ranar da ta sami wata matsala ya kai wa wani mai gyara, sabuwar dalma a kan tsohon fanel ba ta ɓuya. A ranar ba kiristal zai tuna ba, zai tuna cewa ka dube shi ka yi shiru.

Kada ka kira shi a waya yana ibada. Bari ya dawo, 'yan sannu da zuwa su ragu, ya huta. Sannan ka ɗauki na'urar da kanka ka kai masa, kafin ya tambaya, ka durƙusa ka ce: Kawu, ka ce in share, ni kuma na yi karambani na buɗe na taɓa abin da ba ka sa ni ba, wani abu ya karye a hannuna, na nemo irinsa na mayar, ga wanda ya karye, ka yafe min. Ka sa karyayyen kiristal ɗin a hannunsa. Kada ka haɗa da bayanin cewa so ka yi sautin ya fi daɗi, wannan kare kai ne, in ya tambaya ka faɗa. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka saurara, haƙƙinsa ne. In nauyin bakin ya yi maka yawa, ka fara sanar da matarsa ta share maka hanya, amma maganar daga bakinka za ta fito.

Adashenka kuma ka bar shi inda yake. Ba wai don tsada kawai ba, lambar nan ta 0.1 cikin miliyan da ta ja hankalinka ba ita ce ke gyara sauti ba, kuma a nan ne matasa da yawa masu son wannan fanni suke ɓata kuɗinsu.

Abu biyu ake nema a wurin agogo, kuma ba su da alaƙa sosai. Ka lura da mata suna lugude a turmi. Kana iya ƙirga taɓarya nawa ta sauka a minti ɗaya, wannan lissafi ɗaya ne. Kana kuma iya sauraren ko kowace taɓarya tana sauka daidai lokacinta, ko wata na riga wata na makara, ko da jimillar minti ta fito daidai. Na farkon shi ne daidaiton da ake aunawa da kashi cikin miliyan. Na biyun shi ne karkarwar bugu, kuma shi masu sake agogo suke yaƙa. Kiristal na talaka mai kuskuren 50 cikin miliyan zai sa faifan awa ɗaya ya sha bamban da sakan 0.18 kacal, babu kunnen ɗan Adam da zai ji. Agogon da ake rubuta wa 0.1 yana da da'irar da ke gyara shi in zafi ya sauya, abin da masu sadarwa da masu awo ke buƙata. Wannan bai ce komai ba a kan karkarwarsa, kuma rubutun jikin gwangwani ba shaida ba ne, ba ka da abin da za ka auna shi da shi.

Karkarwa tana da illa ne domin lamba daidai da aka saka a lokacin da ba daidai ba ta zama kuskure. A lissafi, in ana so sauti mafi tsini da sidi ke ɗauka, mai bugu 20,000 a sakan, ya fito da cikakken ƙarfi ba tare da kuskuren ya wuce rabin mataki ɗaya cikin matakan nan 65,536 ba, karkarwar kada ta wuce wajen fikosakan 120. Fikosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na sakan. Wannan lissafin takarda ne. Da aka zaunar da mutane aka gwada kunnuwansu, a binciken da injiniyoyin Dolby suka gabatar a 1998 da wani da aka yi a Japan a 2005, sai aka ga a kiɗa na gaske karkarwa sai ta kai nanosakan (fikosakan dubu ke nan) gomomi, wani lokaci ɗaruruwa, kafin a fara jin ta, wato ninkin wancan lissafi sau ɗari ko fiye. Saboda haka maigidanka yana da gaskiya ta wani gefe: a na'ura mai lafiya, abin da sabon agogo zai ƙara kaɗan ne, wani lokaci ma ba a ji. Inda ban bi shi ba shi ne kiran aikin na banza. Yaron da ya gina agogo mai tsabta da hannunsa ya koyi tace wuta, ya koyi giraun, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, ya koyi yadda sigina mai sauri ke tafiya a waya, kuma waɗannan su ne ke raba mai canza kaya da mai gyara na gaske, ko a inbata ne ko a talabijin na zamani.

Don haka ka gina shi, amma a kan na'urarka. Sayi tsohuwar sidi ta kwatano mai arha wadda in ta mutu ba wanda zai yi kuka. Ka tabbata sidi ce zalla. Na'urar dibidi kiristal ɗinta yawanci megahaz 27 ne na hoto, daga shi ake ƙirƙiro bugun sauti ta wata da'ira, sake shi ba zai kai ka inda kake so ba.

Fara da wuta, domin rabin aikin a nan yake. Laifin agogon asali a irin waɗannan na'urori ba daga kiristal yake ba, daga maƙwabta yake. A Philips masu aisi SAA7220, kiristal yana rataye ne a jikin wannan aisi, ita kuwa tana shan wuta da yawa, tana zafi, tana ta kunna dubban ƙofofi a cikinta, duk hayaniyar tana komawa kan layin bolt 5 da ɗan da'irar agogon ke sha. Kai da ka ja wutarka daga wannan layi, ka fita daga ɗakin ne ka dawo ta taga. Ɗauki wuta daga gaban ragiletar na'urar, inda take wajen bolt 9 zuwa 12 ba a daidaita ta ba, ka bi da ita ta rizista om 47 zuwa 100 da kafasita maikurofarad 470, sannan ragileta taka ta kanka, 78L05 ta isa tunda agogon ba ya cin wuta. Bayanta ka sa maikurofarad 10 zuwa 100, sannan nanofarad 100 na yumɓu a manne da ƙafa ta 14 da ta 7 na 74HCU04, ƙafafunsa gajeru iyakar iyawa. Amfanin ɗaukar wuta daga cikin na'urar shi ne agogo da aisi za su tashi tare su mutu tare. Masu sa wa agogo taransifoma daban sukan gamu da matsala biyu: in agogo ya makara, faifai ya kwasa da gudu, in kuma yana bugawa alhali aisin ba ta da wuta, siginar tana kutsawa ta ƙafar shiga tana iya lalata ta. Ga haɗarin taɓa bolt 230. A bar wannan sai hannu ya nuna.

Da'irar kanta ƙarama ce. Ƙofa ɗaya daga cikin shida da ke cikin 74HCU04 ita ce zuciya: rizista megom 1 tsakanin shigarta da fitarta, daga fitar a bi ta rizista wajen om 470 zuwa ƙafar kiristal ɗaya, ɗaya ƙafar ta koma mashiga, kowace ƙafar kiristal kuma a ba ta kafasita fikofarad 27 ko 33 zuwa giraun, irin waɗanda ake rubuta wa NP0 ko C0G domin zafi ba ya sauya su. Wannan yana da muhimmanci a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40. Ƙofa ta biyu ta karɓi siginar ta miƙa waje, domin kada nauyin waya ya taɓa kiristal. Sauran huɗun ka ɗaure mashigarsu a giraun, kada ka bar su suna lilo. A bakin fita ka sa rizista om 33 zuwa 100, tana kwantar da amsa-kuwwar da ke dawowa ta waya. Duk abin kada ya fi akwatin ashana girma, kuma ka zaunar da shi kusa da aisin yadda wayar ba za ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Wayoyi biyu za ka murɗe tare, ta sigina da ta giraun, giraun ɗin ya sauka a ƙafar giraun ta aisin da kake ba bugu, ba a jikin akwati can nesa ba.

Wurin shigarwa: cire tsohon kiristal da kafasitocinsa biyu, ka adana su a leda da rubutu. Ƙafafu biyu ne suka rage, ta shiga da ta fita. Siginarka ta shiga za ta, ta fita a bar ta haka nan. A SAA7220 ƙafa ta 11 ce shiga, ta 10 fita, ta 9 kuma ita ke miƙa bugun ga sauran aisin. In wata aisi ce, sauko da takardar bayaninta daga intanet ka duba kafin ka kunna ayan. Duba kuma bolt nawa take sha. Na'urorin baya-bayan nan da yawa 3.3 suke, in ka ba su bugu mai bolt 5 ka cuce su.

Sai gwaji, kuma kafin ka haɗa da na'ura ake yinsa. Mita za ta nuna wajen bolt 2.5 a bakin fita in agogo na bugawa, amma kada ka yarda da ita ita kaɗai, domin rizistar megom ɗin tana iya tsayar da ƙofar a tsakiya ko da kiristal yana barci. Shaidar da ta fi ita tana nan a shagonku: rediyon gajeren zango mai nuna lamba. Kamo kilohaz 11,290, ƙasa kaɗan da zangon mita 25 inda ake kama tashoshin waje, ka kusanto da eriya. In agogo na aiki, shuuu ɗin rediyon zai ɗauke ɗif, in ka cire wuta ya dawo. Gwada wanda ka gina a da, za ka same shi a wajen 11,060, ka ga kuskuren da idonka. Kashe ka kunna sau ashirin, da sanyin safiya da kuma tsakar rana, ko sau ɗaya ya ƙi tashi akwai gyara. Bayan ka haɗa, sa sautin gwaji mai bugu 1,000 a faifai, ka auna da manhajar awon sauti a wayarka. Wannan zai kama babban kuskure irin na kashi 2 cikin ɗari, ba zai ga ƙananan ba.

Saitin tirima, in har ka sa ta, sai da na'urar ƙidayar bugu. Ka nemi alfarma a sashen injiniyan lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan garinku, ko wurin wani mai gyaran na'urorin sadarwa. Bari na'urar ta yi rabin awa a kunne ta ɗauki zafinta, ka auna a ƙafa ta 9 ko a fitar ƙofa ta biyu. Kada ka ɗora tsinken awo a ƙafar kiristal, nauyin tsinken kansa yana sauya lambar da kake aunawa. Murɗa da sukundireba ta roba. Da ka shigo cikin 50 a miliyan, wato tsakanin 11,289,035 da 11,290,165, ka tsaya, ka gama. Ni da so samu ne, ka auna tirimar ka maye gurbinta da kafasita tsayayye, domin ƙurar hunturu da damshin damina suna shiga tirima. In an ba ka osiloskof, duba siffar bugun: gefuna a tsaye, sama da ƙasa kusan rabi da rabi, ba ƙahoni masu tsalle a kusurwa. In akwai ƙahoni, ƙara rizistar bakin fita. Wannan saitin ya fi na tirima amfani nesa ba kusa ba.

Game da hunturu, lokacin da riga ke tartsatsi in an cire ta, wutar da ke jikinka ta isa ta kashe aisi irin waɗannan da kuma leza, ba tare da ka ji komai ba. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa fanel, kada ka yi aiki a kan tabarmar roba, kuma in ayan ɗinka ba ta da waya ta uku, bari ta yi zafi ka zare ta daga soket sannan ka liƙa.

Hukuncin ƙarshe na kunne ne, amma kunne yana bin zuciya. Wanda ya kwana uku yana gini zai ji sauti ya gyaru ko bai gyaru ba. Yi wa agogo biyun, na asali da naka, 'yar mahaɗa gajera, ka ba abokinka baya, ya riƙa sauyawa yana rubutawa ba tare da ya faɗa maka ba, ƙarar amfilifaya a wuri ɗaya, waƙa ɗaya, sau goma. In ka ci tara, ka ji wani abu na gaske. In ka ci biyar ko shida, canki-canki ne. Kiɗan kotso da kalangu ya dace da wannan gwaji, saboda kaifin bugunsa.

In kuma burinka sautin na'urar Kawu ya gyaru, bayan ya yafe kuma ya ba da izini da bakinsa, akwai abin da ya fi agogo. Kafasitocin ruwa da suka haura shekara talatin a zafin Kebbi sun bushe ko suna hanya, domin kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Ga tsofaffin liƙin dalma da suka tsage a ƙafafun ragileta da soket na fita, ga ƙura a idon leza da ake gogewa a hankali da auduga, ga bel ɗin tire. 'Yan tirimomin da ke kusa da leza kuwa kada hannunka ya kai gare su, garin neman gira ake rasa ido.

In ka mayar da 11.2896 da kayan gefensa amma faifan bai juya daidai ba, sa rediyon kusa da fanel ka nemi bugun. In babu, kuma aisinta SAA7220 ce, duba layukan tagulla da ke zuwa ƙafa ta 10 da ta 11 da mita, mai yiwuwa ɗaya ya tsinke lokacin da ƙafar kiristal ta karye, siririyar waya za ta gyara shi. In layukan lafiya lau ne kuma bolt 5 na isa ƙafa ta 24, to da'irar bugun da ke cikin aisin ce ta tafi. A nan agogon waje mai 74HCU04 zai iya ceto na'urar, tunda sau da yawa ƙafar shiga tana nan da rai. In ta kai ga haka, rubuto min lambar samfurin na'urar da lambobin manyan aisinta uku kafin ka liƙa komai.